Lissafi a Sauƙaƙe: Ana hawa, amma ƙarfi na raguwa

A makon jiya mun koyi yadda ake fitar da diribatib daga fankishin, muka ce diribatib shi ne ma'aunin da ke gaya mana saurin canjin abu a kowane wuri. Yau za mu ɗora daga nan da wata tambaya da ke cinye wa ɗalibai maki a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, musamman masu ɗaukar lissafi mai zurfi. Tambayar kan zo kamar haka: ga giraf ɗin f′(x), ku nuna inda f(x) ke hawa, kuma a lokaci guda yana lanƙwasa ƙasa.

Ku lura da tarkon tun daga farko. Zanen da aka ba ku na f′ ne, amma tambayar a kan f take. Ɗalibi ya duba zane ya ga layi yana hawa, nan take ya rubuta cewa f na hawa, maki ya tafi. Kama da wane ba wane ba ne.

Ku ɗauko fensir da rula da takardar giraf, domin darasin yau da hannu ake yin sa.

Uwa da 'ya da jika

Don kada mu riƙa rikicewa, bari mu raɗa musu suna. Fankishin na asali, wato f, za mu kira ta uwa. Diribatib na farko, f′, shi ne 'ya. Diribatib na biyu, f″, wanda ake samu idan aka sake fitar da diribatib daga f′, shi ne jika. Kowace a cikinsu tana ba da labarin wadda ta haife ta. 'Ya tana faɗin yadda uwa ke tafiya, jika kuma tana faɗin yadda 'ya ke tafiya.

Wannan 'yar alama da muke ɗorawa a kan f, masanin lissafi Joseph-Louis Lagrange ne ya yaɗa ta, a littafin da ya wallafa a Faransa a shekarar 1797. Shi kuwa kalkulas ɗin kansa, Isaac Newton na Ingila da Gottfried Leibniz na Jamus ne suka gina shi, kowa a nasa ɓangaren. Leibniz ya fara buga nasa a 1684, kuma daga gare shi muka gaji rubutun dy/dx da kuke gani a littattafanku. Da f′(x) da dy/dx duk abu ɗaya suke nufi.

Ƙwarya a kife, ƙwarya a buɗe

Kafin mu je ga giraf, mu fahimci lanƙwasa, abin da littattafanku ke kira konkeb. Ku ɗauki ƙwarya ku kife ta a ƙasa. Wannan siffar ita ce lanƙwasa ƙasa. Ku juya ta bakinta ya kalli sama kamar za a zuba fura, wannan ita ce lanƙwasa sama.

To ku sa tururuwa ta hau kifaffiyar ƙwarya daga hagu. Da farko hawan yana da tsauri, kusan a tsaye yake. Tana ƙara gaba yana ƙara sauƙi, har ta isa tsakiyar bayan ƙwaryar inda wuri ya zama shimfiɗaɗɗe. A duk wannan tafiya tururuwa sama take yi, amma kowane taku yana ɗaga ta ƙasa da yadda na baya ya ɗaga ta. Wannan shi ne hawa tare da lanƙwasa ƙasa, kuma shi muke nema yau. Idan ta wuce tsakiya ta fara gangarowa ta dama, har yanzu a kan kifaffiyar ƙwarya take, sai dai yanzu sauka take yi.

Buɗaɗɗiyar ƙwarya ma tana da ɓangare biyu. Ta hagu ana gangarawa ciki, gangaren yana raguwa har a kai gindi. Ta dama ana hawa, hawan yana ƙara tsauri har a kai baki. Ke nan siffa huɗu gare mu: hawa mai ƙara ƙarfi, hawa mai rage ƙarfi, sauka mai ƙara ƙarfi, da sauka mai rage ƙarfi. Duk giraf mai lanƙwasa da za ku gani an harhaɗa shi ne daga waɗannan huɗun.

Tambaya biyu da za ku yi wa zanen 'ya

Idan aka ajiye muku giraf ɗin f′, tambaya biyu kacal za ku yi masa, kuma kada ku haɗa su wuri ɗaya.

Ta farko: a ina yake? Wato yana saman layin kwance ne, layin x, ko yana ƙarƙashinsa? Inda f′ ke saman layin, darajarsa ta fi sifili, don haka uwa tana hawa. Inda yake ƙarƙashin layin, darajarsa ba ta kai sifili ba, uwa tana sauka. Dalili shi ne tsawon f′ a kowane wuri shi ne karkatar f a wannan wurin.

Ta biyu: ina ya dosa? Idan kuna bin sa daga hagu zuwa dama, hawa yake yi ko gangarowa? Inda f′ ke hawa, karkatar uwa tana ƙaruwa, ƙwarya a buɗe take. Inda f′ ke gangarowa, karkatar uwa tana raguwa, ƙwarya a kife take. Gangarowar f′ ita ce ke nuna cewa jika, f″, tana ƙasa da sifili.

Idan muka haɗa biyun, amsar tambayarmu ta fito: f na hawa kuma yana lanƙwasa ƙasa a duk inda giraf ɗin f′ yake saman layin x, kuma yana gangarowa. Ku rubuta wannan a bangon littafinku. Yana sama, yana saukowa.

Misali na farko: jifa

Hausawa sun ce komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Mu duba abin da ke faruwa kafin ya faɗo. A ce an cilla dutse sama tsaye da saurin mita 20 a sakan ɗaya. Ƙarfin jan ƙasa yana rage masa kimanin mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan, amma don sauƙin lissafi za mu ɗauki 10 kamar yadda kuke yi a darasin fiziks. Tsawon da dutsen ya kai bayan sakan t shi ne h(t) = 20t − 5t².

'Yar wannan fankishin ita ce h′(t) = 20 − 10t, wato saurin dutsen. Ku zana ta. Miƙaƙƙen layi ne da ya tashi daga 20 a kan layin tsaye, ya gangaro ya ratsa layin kwance a t = 2, ya ci gaba zuwa −20 a t = 4.

Tambaya ta farko, a ina yake? Yana sama daga t = 0 zuwa t = 2, yana ƙasa daga t = 2 zuwa t = 4. Ke nan dutse na hawa a sakan biyun farko, yana faɗowa a sakan biyun ƙarshe. Tambaya ta biyu, ina ya dosa? Gangarowa yake yi tun daga farko har ƙarshe, don haka duk tafiyar dutsen kifaffiyar ƙwarya ce. Inda sharaɗin biyu suka haɗu shi ne 0 < t < 2.

Mu gwada da lambobi. A t = 1 dutsen yana mita 15. A t = 2 yana mita 20. A sakan na farko ya hau mita 15, a na biyu ya ƙara mita 5 kawai. Yana hawa, amma ƙarfinsa na ƙarewa.

Misali na biyu: irin na jarrabawa

Yanzu ku zana wannan giraf na f′. Ga maki bakwai da za ku sa: a x = 0 darajarsa −15; a x = 1 sifili; a x = 2 tara; a x = 3 goma sha biyu; a x = 4 tara; a x = 5 sifili; a x = 6 kuma −15. Ku haɗa su da layi mai santsi. Za ku ga tudu guda ɗaya wanda ƙololuwarsa ke x = 3, ya ratsa layin kwance a 1 da 5.

Mataki na ɗaya, ku yi wa wuraren da ya ratsa layin x alama, wato 1 da 5. Tsakaninsu giraf yana sama, don haka f na hawa a 1 < x < 5. Kafin 1 da bayan 5, f na sauka.

Mataki na biyu, ku yi wa wurin da giraf ya juya alama, wato 3. Kafin 3 yana hawa, ƙwaryar f a buɗe take. Bayan 3 yana gangarowa, ƙwaryar f a kife take.

Mataki na uku, ku ja layi biyu a ƙarƙashin zanen, ɗaya bisa ɗaya. A na sama ku yi wa 1 zuwa 5 inuwa da fensir. A na ƙasa ku yi wa 3 zuwa gaba inuwa. Inda inuwar biyu suka hau kan juna shi ne amsa: 3 < x < 5.

Ga inda ɗalibai ke zamewa. Wani zai rubuta 1 < x < 3, domin a nan ne ya ga zane yana sama kuma yana hawa. A wannan yanki f na hawa, gaskiya ne, amma ƙwaryarsa a buɗe take. Wani kuma zai ga zanen gaba ɗaya ya yi kama da kifaffiyar ƙwarya, sai ya ce f na lanƙwasa ƙasa ko'ina. Wannan siffar 'ya ce ya gani ya jingina wa uwa. Na uku zai ce ƙololuwar f tana x = 3. Ƙololuwar f′ ce ke nan. Ita f tana ci gaba da hawa har x = 5, inda 'yarta ta ratsa layi daga sama zuwa ƙasa, nan ne ƙololuwarta. Abin da ke faruwa ga f a x = 3 shi ne juyin lanƙwasa, wurin da buɗaɗɗiyar ƙwarya ta ƙare kifaffiya ta fara, kuma a nan ne hawanta ya fi tsauri.

Gani ya kori ji, don haka mu tabbatar. Giraf ɗin da kuka zana na f′(x) = −3x² + 18x − 15 ne, kuma ɗaya daga cikin fankishin da za su haife shi ita ce f(x) = −x³ + 9x² − 15x. Ku sa lambobi: f(1) = −7, f(2) = −2, f(3) = 9, f(4) = 20, f(5) = 25, f(6) = 18. Ku duba ƙarin da ake samu a kowane taku. Daga 1 zuwa 2 an ƙaru da 5, daga 2 zuwa 3 an ƙaru da 11, ƙari na girma. Daga 3 zuwa 4 an ƙaru da 11, daga 4 zuwa 5 an ƙaru da 5, ƙari na raguwa. Daga 5 zuwa 6 an ragu da 7. Jika ma ta ba da shaida: f″(x) = −6x + 18, wadda ke faɗawa ƙasa da sifili da zarar x ta wuce 3.

A filin tsere

Ranar 16 ga Agusta, 2009, a gasar duniya da aka yi a birnin Berlin na Jamus, Usain Bolt ɗan Jamaika ya gudu mita 100 cikin sakan 9.58. An auna lokacin da ya ɗauka a kowane mita 20: sakan 2.89, sai 1.75, sai 1.67, sai 1.61, sai na ƙarshe 1.66.

Nisan da ya ci shi ne uwa, saurinsa shi ne 'ya. Bai taɓa tsayawa ko komawa baya ba, don haka 'ya tana saman layi tun daga farko har ƙarshe, nisa yana ta ƙaruwa. A zango huɗun farko lokacin yana raguwa, ma'ana saurinsa na ƙaruwa, ƙwarya a buɗe. Tsakanin mita 60 da 80 ya yi matsakaicin saurin mita 12.4 a sakan. A zangon ƙarshe ya koma kimanin mita 12.0 a sakan. Saurin ya ɗan sauko alhali yana nan sama da sifili nesa ba kusa ba. Ashe mutumin da ya kafa tarihin gudu a duniya ya ƙarasa tserensa ne a kan kifaffiyar ƙwarya. Mai kallo a talabijin ba zai lura ba, domin idonsa nisa yake bi. Sai an zana saurin sannan abin ke fitowa.

A kasuwa da cikin labarai

Wannan darasi yana da amfani ko ga wanda ba zai taɓa shiga ɗakin jarrabawar lissafi mai zurfi ba. Duk wata Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan fitar da alƙaluman hauhawar farashi. Wani lokaci a ji a rediyo cewa hauhawar ta ragu, washegari a je kasuwa a tarar kaya sun ƙara kuɗi, sai gardama ta kaure a majalisa. Ku da kuka karanta darasin yau kuna iya raba ta.

A ce mudun shinkafa yana naira 2,000, bayan shekara ya koma 2,400, wata shekarar 2,600, ta gaba 2,700. Waɗannan lambobi na misali ne. Ƙarin ya tashi daga 400 ya koma 200, ya koma 100. Idan aka auna da kashi cikin ɗari kamar yadda ake auna hauhawar farashi, daga kashi 20 ne zuwa kimanin 8, zuwa kimanin 4. Hauhawar ta ragu sosai, shinkafa kuma ba ta yi arha ba ko sau ɗaya. Farashi shi ne uwa, hauhawa ita ce 'ya. 'Ya ta sauko amma ba ta ratsa sifili ba, don haka uwa na ci gaba da hawa. Farashi ba zai sauko ba sai ranar da 'yar ta faɗa ƙarƙashin layi.

Haka yawan mutanen duniya. Ya kai biliyan 7 a 2011. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ranar 15 ga Nuwamba, 2022 a matsayin ranar cika biliyan 8, ta kuma yi hasashen za a kai biliyan 9 a wajajen 2037. Biliyan ɗayan baya ya ɗauki shekara 11 zuwa 12, na gaba zai ɗauki kusan 15. Jama'a na ƙaruwa, saurin ƙaruwar na raguwa. Duk wanda ya ji an ce ƙaruwar jama'a ta ragu ya ɗauka mutane ne suka ragu, ya faɗa tarkon da muka yi magana a kai.

Abubuwa uku da za ku kiyaye

Na ɗaya, taɓa layi daban, ratsa layi daban. Idan f′(x) = x², giraf ɗin ya sauko ya taɓa sifili a x = 0 ya koma sama. Bai shiga ƙarƙashi ba, don haka f ba ta da ƙololuwa ko kwari a wurin, ta ɗan numfasa ne ta ci gaba da hawa. A wannan misali f na hawa tana lanƙwasa ƙasa a duk inda x ba ta kai sifili ba, domin a can f′ yana sama kuma yana saukowa.

Na biyu, kasancewar f″ sifili a wuri bai isa a ce an samu juyin lanƙwasa ba. Ku gwada f(x) = x⁴. Jikarta 12x² ce, sifili ce a x = 0, amma tana sama da sifili hagu da dama, ƙwarya a buɗe take ta kowane ɓangare. Sai giraf ɗin f′ ya juya da gaske, daga hawa zuwa sauka ko daga sauka zuwa hawa, sannan a ce lanƙwasa ta canza.

Na uku, giraf ɗin f′ ba ya gaya muku ko f tana sama da sifili ko tana ƙasa. A misalinmu na biyu, idan kuka ƙara 100 a kan f, ko kuka cire 100, f′ ba zai canza ba. Siffar uwa kawai yake nunawa, matsayinta kuwa sai an ba ku darajarta a wani wuri guda.

Aikin gida

Na ɗaya. Giraf ɗin f′ miƙaƙƙun layuka ne da suka haɗa waɗannan maki bi da bi: (0, 2), (2, 6), (7, −4), (9, 0). Ku zana shi, ku nemo inda ya ratsa layin x, sannan ku faɗi inda f ke hawa, inda take lanƙwasa ƙasa, da inda biyun suka haɗu.

Na biyu. An ba ku f′(x) = x² − 8x + 12. Ku zana giraf ɗinsa, ku nemo inda f ke hawa tana lanƙwasa ƙasa, ku kuma faɗi darajar x a ƙololuwar f.

Na uku. A misalin dutse, wace ce daga cikin siffofi huɗun nan ta dace da tafiyarsa tsakanin t = 2 da t = 4? Ku kare amsarku da lambobi, kamar yadda muka yi wa sakan biyun farko.

Ku fara gwadawa ku kaɗai kafin ku haɗa kai da abokan karatu, sannan ku nuna wa malaminku ko malamarku ta lissafi. Za mu kawo amsoshin a mako mai zuwa, inda kuma za mu juya darasin: a ba mu giraf ɗin uwa, mu zana na 'ya. Sai mun haɗu, a yi karatu lafiya.